Lambun Salongo a Jikin Bango

Ranar da na tare a gidan Hajati Nabukera da ke unguwar Bwaise a Kampala, ƙarar gudumar Salongo Mukiibi na fara ji kafin in ga fuskarsa. Ɗakunan haya ne a jere, ƙofofinsu duk suna kallon wata siririyar tsakar gida mai kama da lungu, nawa yana manne da nasa. Ina cikin kokawar shigar da keken ɗinkina sai ya ɗago kai daga kan gwangwanin madarar da yake yankawa, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "'Yata, in kin sha madara ko kin ci kifin gwangwani, kada ki yar da gwangwanin. Dokar gidan nan ke nan. Sauran dokokin na Hajati ne, ba mai bin su."

Daga cikin ɗaki wata murya ta ce, "Bar yarinya ta ajiye kaya tukuna, maroƙin gwangwani."

Matarsa ce, Nalongo. Haka na san su, kuma haka suka ci gaba da zama har ƙarshe.

Salongo maƙerin gwangwani ne. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, yatsunsa duk tabon yanka da ƙunar dalma. Fitilar aci-balbal yake yi, da mazurarin kananzir, da magogin rogo, ya zuba a buhu ya kai wa masu shaguna. Tagwayen da suka ja masa sunan Salongo, wato uban tagwaye, suka ja wa matarsa sunan Nalongo, uwar tagwaye, sun riga sun girma sun bar gida. Waswa yana tuƙin babbar mota zuwa arewa, Nakato kuma ma'aikaciyar jinya ce. Nalongo tana dafa katogo da sassafe a bakin titi, ayaba da wake ko da kayan ciki, 'yan acaɓa su yi layi su ci kafin su kama aiki.

Abin da Salongo ya fi alfahari da shi a duniya shi ne ya tsere wa noma. Mahaifinsa yana da gonar ayaba a wajen Masaka, kuma duk baƙon da ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin.

"Ina ɗan saurayi na jingine fartanya a gindin ayaba, na ce mata mu haɗu a lahira. Na ɗale motar gawayi, sai Kampala."

Nalongo takan ce, "Ƙarya yake. Fartanyar ce ta kore shi. Layi ɗaya bai taɓa kai wa ƙarshe ba, uwarsa ce ta gaya mini."

Ya yi dariya har tabaraun ya zamo, ya ce, "Kun ji ta ko? Da wannan bakin na zauna shekara da shekaru, kuma ba wanda ya ba ni lambar yabo."

Sai zamani ya juya masa baya. Fitilun caji da masu cin hasken rana suka cika kasuwa, ba hayaƙi, ba kananzir. Masu shaguna suka fara ce masa ya bari sai wani mako. Ƙarar guduma ta ragu, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Amma bai daina tara gwangwani ba. Hannunsa ya saba, ko a hanya ya gani sai ya sunkuya. Suka taru a bayan ƙofarsa, suka cika buhuna, Hajati tana ta faɗa wai yana kiwon sauro a gidanta. Shi kuwa ya wuni a kan benci yana kallon masu wucewa, ko labarin fartanyar ma ya daina bayarwa.

A wannan tsakanin ne Nalongo ta faɗi. Ta sunkuya za ta sauke tukunya a bakin titi, ba ta ɗago ba. 'Yan acaɓan da ke cin abincinta ne suka kai ta asibiti. Da ta dawo gida hannun hagu yana lilo kamar ba nata ba, ƙafar tana ja, bakin ya ɗan karkace. Amma ciwon ya bar mata harshenta ras. Salongo ya ce wannan ya nuna ciwon ma tsoronsa yake ji.

Nakato ta zo ta kafa dokoki. A rage gishiri, a rage mai, a ci ganye kullum, a riƙa motsa hannun. Ni nake zuwa kasuwa in sayo musu alayyahu da wani ganye mai ɗan ɗaci da muke kira nakati, in turara, in kai. Nalongo ta duba kwanon ta ture.

Na ce, "Mama, ko loma biyu ki yi."

Ta ce, "Namatovu, ina da ido. Na san inda ake shuka wannan, na san ruwan da ake wanke shi da shi. Bakin babbar kwata ne. Tumatirin kuma kin ga farin maganin da ke jikinsa? Da ƙarfina na ci abin da na samu. Yanzu da rabin jiki ya rage mini, ba zan zuba masa ƙazanta ba."

Sannan ta ce nakatin bayan ɗakin mahaifiyarta take marmari, wanda ake tsinka a wanke a sa a tukunya raɓa ba ta bushe a jikinsa ba.

Salongo yana zaune a bakin ƙofa yana ji. Washegari na fito na tarar ya zazzage buhunan gwangwaninsa a tsakar gida, yana ɗura musu ƙasa da cokali.

Na ce, "Salongo, noma?"

Ya ce, "Wane noma? Kin ga fartanya a hannuna? Wannan cokali ne."

Ya jera su a gindin bango, ya zuba iri, yana ba su ruwa safe da yamma, wani lokaci har da rana don ƙauna. Suka tsiro, ya riƙa kiran duk mai wucewa ya zo ya gani. Ba a jima ba suka yi rawaya, suka kwanta, suka ruɓe. Ya tsuguna a gabansu kamar mai zaman makoki.

Nalongo tana kan kujerarta a bakin ƙofa. Ta ce in ɗauko mata gwangwani ɗaya in kifar. Na kifar, ruwa mai wari ya kwararo da taɓo. Ta ce in nuna mata gindin. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Mutumin nan rayuwarsa duka a huda gwangwani ta ƙare. Ya huda na fitila, ya huda na magogi, har kwanon cin abincina ya taɓa hudawa. Ranar da huda za ta yi amfani, ranar ya manta."

Tun faɗuwarta ban ji ta yi dariya ba sai ranar. Ta yi har hawaye yana bin karkataccen bakin, shi ma ya kama, ni ma na kama. Da ya gama ya share ido ya ce, "To, ke da kika iya, faɗi a yi."

Daga nan aikin ya rabu. Ita ce manomiya, shi ne hannu. Tana zaune da sandarta tana nuni. A huda gindi, a fara zuba tsakuwa. Ƙasar Bwaise taɓo ce mai tsami, ba za ta yi ba, sai da Waswa ya sauke musu buhun baƙar ƙasa daga hanya. A gauraya da garin gawayi, da tokar murhu, da busasshen kashin kajin Hajati. Ɓawon ayaba da muke zubarwa tuli-tuli a gidan ya zama dukiya, Salongo yana bi ɗaki-ɗaki da bokiti yana karɓa. In ƙwari suka sauka, ba a sayen magani. A daka tafarnuwa da barkono, a jiƙa da ɗan sabulu, a yayyafa da tsintsiya. Kajin Hajati suka yi wa shukar ɓarna sau ɗaya, ya kewaye ta da tsohon gidan sauro.

Girbin farko bai cika tafin hannu biyu ba. Ni na turara shi a ganyen ayaba yadda ta ce. Ta ci a hankali, ta cinye tas, ta suɗe yatsa. Salongo yana tsaye a kanta yana jira.

Ta ce, "Ba gishiri."

Ya ce, "Nakato ce ta hana."

Ta ce, "To gobe a ƙaro."

Ya juya ya koma wajen gwangwanayensa yana gyara abin da ba ya bukatar gyara, don kada mu ga idonsa.

Gwangwani ya yi wa tumatir kaɗan, sai ya shiga neman manyan mazubai. Duk abin da ya fashe ko ya tsage a gidan, wurinsa yake ƙarewa. Jarkar mai da ta huje, bahon wanki, tsohon takalmin ruwa, tayar babur ta wani direba da ke haya a gidan, murfin keken ɗinkina da ya dare, bahon wankan jaririn maƙwabciyarmu Maman Kintu. Kuma kowace shuka da sunan mai mazubin yake kiranta. Sai ka ji da safe yana ba matarsa rahoto da babbar murya.

"Namatovu ta yi fure. Direba yana son ruwa. Maman Kintu tsutsa ta kama ta."

Maman Kintu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Tsutsa ta kama kakarka."

Rikici ɗaya aka yi mai zafi, a kan wani bokitin fenti. Nalongo ta sa ya jiƙa kashin kaji da ɓawon ayaba da ciyawa a ciki, a bar shi ya ruɓe, ana tsarma ruwan ana ba shuka. Ganye ya yi kore shar, amma in aka motsa bokitin ko kare ba ya tsayawa. Ran nan matan masallacin su Hajati suka zo mata ziyara, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, aka kawo shayi, daidai lokacin Salongo ya ga dama ya juya bokitinsa. Baƙi suka tashi da gyale a hanci.

Hajati mace ce doguwa mai taƙama, ba ta son a ga aibin gidanta. Ta zo ta tsaya a kansa tana huci.

"Salongo, na yi haƙuri da gwangwani, na yi haƙuri da sauro. Kafin Juma'a ko bokitin nan ya bar gidana, ko ku bar shi tare."

Nalongo ce ta buga sandarta a ƙasa.

"Hajati, zo nan kusa, ba na iya ɗaga murya. Wannan warin na wane ne? Kashin kajinki ne fa. Da yana warwatse a tsakar gida kowa yana takawa. Mu masauki kawai muka ba shi."

Hajati ta harare ta. Ta so ta riƙe fushin, ya ƙi riƙuwa. A ƙarshe aka daidaita, bokiti ya koma bayan gida da murfi, ba a motsa shi sai an tambaya ko akwai baƙi. Bayan kwana biyu Salongo ya tsinci wata tsagaggiyar buta da ta jefar, ya dasa mata na'a-na'a a ciki ya ajiye a ƙofarta. Tun daga ranar ba ta shan shayi sai da ganyen, kuma rahoton safe ya ƙaru da, "Hajati tana ƙamshi."

Mu mutanen Bwaise mun san ruwa. Kowa yana da inda yake ɗora katifa in hadari ya haɗu. Amma na watan Afrilun nan ya zo da rana tsaka, ranar Lahadi, mutane ba su daɗe da dawowa daga coci ba. Kafin a ankara kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shigo ta ƙofar gida kamar an aiko shi. Maza biyu suka ɗaga Nalongo da kujerarta suka ɗora a kan teburin ɗinkina. Daga nan muna kallon tsakar gida ta ƙofa. Gwangwanaye suka nutse. Jarkoki da bahuna suka tashi suna yawo a kan ruwa, tumatir a tsaye a cikinsu, suna bin juna suna fita waje ɗaya bayan ɗaya. Salongo yana cikin ruwa har ƙugu, ya kamo wannan, wancan ya kuɓuce.

Nalongo ta ce, "Mukiibi." Ba ta cika kiran sunansa ba. "Fito. Ganye ne. In ka kwanta wa zai ɗaga ni?"

Ya saki jarkar da ke hannunsa ya shigo.

Da ruwa ya janye, abin da ya rage ma ta ce ba za a ci ba, tunda ruwan kwata ya taɓa shi. Aka kwashe aka zubar. Na ɗauka shi ke nan, don ya koma zaman bencinsa kamar da. Amma bango yake kallo. Ruwan ya bar layin laka a jikinsa, shi kuma sama da layin yake aunawa da ido. Wata safiya sai ga ƙarar guduma ta tashe ni, irin wadda na fara ji ranar da na zo gidan.

Ya fito da almakashin ƙarfensa da waya da ƙusoshi. Yana yanke jarkoki a kwance, yana lanƙwasa musu ƙugiya, yana kafa su a jikin bango hawa-hawa, ta yadda ruwan da ya ɗiga daga na sama zai sauka a na ƙasa. Ya huda murfin gorunan ruwa da allura ya kife su a gindin shuka, su riƙa ɗiga a hankali. Ya haɗa guntayen kwano ya yi indararo daga rufi zuwa durom.

Hajati ta fito ta riƙe ƙugu. "Bangon nawa kake hudawa?"

Ya ce, "Hajati, ruwa ma da ya shigo bai nemi izininki ba."

Ta ce, "To ka bar mini wuri kusa da tagata. Barkono nake so."

Kafin damina ta gaba bangon gidanmu ya ɓace a cikin ganye. Nakati da alayyahu, albasa mai lawashi, tumatir yana lilo, wake yana bin waya har rufi, kabewa ta haye kan banɗaki. Matan maƙwabta suna shigowa kallo su fita da ɗan tsiro a leda. Bai taɓa hana kowa ba, sharaɗinsa ɗaya, ka zo da mazubinka kuma ka huda gindin a gabansa.

Hannun Nalongo kuwa yana nan yadda yake. Motsa shi da Nakato ta ce a riƙa yi, ta ƙi. Ta ce ita ba 'yar makaranta ba ce da za a riƙa ce mata ɗaga, sauke. Amma akwai abu ɗaya da ba ta yarda wani ya yi mata, tsinkar nakatinta. Ta ce Salongo yana tsige ganye kamar mai figar kaza. Ya shuka mata shi a tsohuwar tukunyarta ta katogo, ya rataye dab da ƙofa. Sai ta miƙe, ta dogara sanda da hannun dama, dole da na hagu za ta tsinka. Da farko da ƙyar yatsun ke kama ganye ɗaya, tana yi tana tsaki.

Wata rana ina shanya na lura da wasu ƙananan huji a jikin bango, a jere daga ƙasa zuwa sama, a bayan tukunyar. Na dubi ƙusar, na dubi hujin. Salongo ya ga na gani. Ya jawo ni bayan gida wajen bokiti, inda ya san ba mai zuwa.

Ya ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. In tana barcin rana nake ɗaga ƙusar, kaurin yatsa ɗaya kawai. In ta sani za ta daina tsinka, kin san halinta."

Na yi masa alkawari. Ba a yi wata ba, ina yi wa Nalongo kitso yana kasuwa, sai ta ce, "Tsohon nan ya sake ɗaga tukunyata."

Hannuna ya tsaya a kanta.

Ta ce, "Ci gaba da kitsonki. Kin ɗauka ban sani ba? Tukunyar da na fara tsinka a daidai cibiyata yanzu tana ƙirjina. Ko dai ni ce nake gajarcewa. Kada ki gaya masa na sani. Yana jin daɗi, yana ganin ya fi ni wayo. Tun da muka yi aure bai taɓa samun wannan ba, a bar shi ya ɗana."

Haka na zauna a tsakaninsu da asiri biyu, kowa yana ƙifta mini ido a bayan ɗaya. Tukunya ta ci gaba da hawa. Hannun bai dawo kamar da ba, amma ya kai ga riƙe kofi, ya kai ga ɓare wake. Ranar da ta ɗaura ɗankwalinta da kanta za ta coci, Salongo ya zagaya gidan yana gaya wa kowa ganye ne ya yi aiki. Ita kuma ta ce e, ganye ne.

Sun samu shekaru masu daɗi a haka. Ta rasu da rani, da la'asar, a kan kujerarta, faifan irin nakati a cinyarta tana tsincewa. Yana ba shuka ruwa yana yi mata magana, ya ji ba a mayar masa da baƙa ba, ya juyo. Aka kai ta Masaka aka binne a gonar ayabar gidan su Salongo. Mu muka dawo bayan jana'iza, shi ya zauna can, ba wanda ya san ko zai dawo.

Lambun ya fara yaushi. Ba wanda ya kira taro, kowa dai ya kama wani abu. Ni ina ba da ruwa, Maman Kintu tana cire tsutsa tana zaginsu, direba yana kawo ɓawon ayaba daga tasha. Wata safiya na zagaya bayan gida na tarar da Hajati ta ɗaure hanci da gyale tana juya bokiti da sanda. Ta harare ni.

"In kika faɗa wa wani, ki nemi wani gidan."

Ya dawo bayan watanni, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya a tsakar gida da jakarsa a hannu yana kallon bango. Muka fito muka tsaya muna kallonsa. Ya bi layin a hankali, yana taɓa wannan, yana ɗaga ganyen wancan. Da ya zo kan tumatir ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin? An bar rassa sun cinye ƙarfin uwar. Ko makaho ya san ana cire na gefe."

Maman Kintu ta ce, "Sannu da zuwa ma ba za ka bari a yi maka ba?"

Ya ce, "Ku yi mini bayan na gyara ɓarnarku. Namatovu, miƙo almakashi."

A nan hankalinmu ya kwanta.

Ya ƙara shekara biyu ko uku tare da mu, har gwiwoyinsa suka fara gardama. Ya zame a taɓo sau ɗaya, Nakato ta ce ya isa. Ita da mijinta sun gina gida a Gayaza, a kan tudu, ruwa ba ya kwanciya, akwai ɗaki domin shi. Ya yi ta ja, ita ma halin mahaifiyarta ta ɗauko, ba ta saki ba.

Ana gobe zai tashi ya kira mu. Ya riƙa sauke mazubai daga bango yana miƙa wa masu su. Ni ya ba ni murfin kekena cike da albasa. Direba ya karɓi tayarsa. Maman Kintu ta karɓi bahon wankan Kintu, wanda a lokacin ya isa makaranta.

Ya ce, "Aro na yi, na dawo da shi. Duk wanda ya kashe nawa, zan ji labari."

Tukunyar katogo kaɗai ya riƙe. Bai yarda a sa ta a bayan mota ba, a cinyarsa ya ɗora ta.

Na je Gayaza gaishe shi a watan da ya wuce. Na same shi a bayan gida a kan ɗan benci, ya ƙara tsufa amma idon yana nan. Kafin in gama gaisuwa ya fara tambaya. Barkonon Hajati ya yi 'ya'ya? Wa ke motsa bokiti? Na ce masa gidaje huɗu ko biyar a layinmu yanzu duk bangonsu kore ne, har mai shagon kan kwana yana sayar da jarkokin da a da yake zubarwa. Ya ce wannan ɓarawo ne, amma ya ji daɗi.

Nakato ta kawo mana shayi. Ta ce, "Yaya Namatovu, ki yi masa magana. Na je har cikin gari na sayo masa tukwanen fure masu kyau, masu fenti, don gidan ya yi fasali. Je ki ga abin da ya yi da su."

Na leƙa. Suna jere a kan baranda, ɗaya cike da ƙusoshi, ɗaya da guntayen waya, ɗaya kaza ta yi ƙwai a ciki. Katangar gidan kuwa tun daga wannan kusurwa har waccan jarkoki ne da gwangwanaye, har da wani tsohon akwatin talabijin da ganyen miya na seleri ya cika.

Ya ce, "Ba su da laifi, kyau ne da su. Amma ban san kowa a cikinsu ba. Ba wanda ya taɓa wanka a ciki, ba wanda ya taɓa dafa komai. Me zan kira su?"

Nakato ta girgiza kai ta koma ciki. Ya bi ta da ido har ta shige, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mijinta yana da wani bokiti shuɗi da yake wanke mota da shi. Na duba, ya fara tsagewa ta wajen mariƙi. Bai lura ba tukuna."

Na ce, "Salongo, kada dai ka taimaka wa tsagar."

Ya ce, "Ni? Jira kawai nake. Shanye shayinki ki zo ki ga kabewa, kafin hadarin can ya tare miki hanya."